Yadda haske ke gusa fallayen ma'adini ya sauya masa hali

Baƙin da ke cikin fensir, wanda yara ke fiƙewa da reza kafin a kaɗa ƙararrawar shiga aji, ba dalma ba ce kamar yadda mutane da yawa ke zato. Ma'adini ne da ake kira girafait, an kwaɓa shi da yumɓu don ya yi ƙwari. Shi girafait ɗin babu komai a cikinsa sai kabon, sinadarin nan da ke cikin gawayi, wanda kuma shi ne dai a cikin daimon. Abin da ya sa yake rubutu yana cikin ginuwarsa. Fallaye ne sirara ɗaya bisa ɗaya kamar shafukan littafi, kowane falle kaurinsa ƙwayar zarra ɗaya tak. A cikin falle ƙwayoyin sun kama juna gam, sun jeru ɗaki-ɗaki masu kusurwa shida kamar saƙar zuma, amma tsakanin falle da na samansa riƙon sako-sako ne, shi ya sa da an goga bakin fensir a takarda sai fallayen su zame su bar baƙi. Sirantarsu ta kai a ce girafait mai kaurin milimita ɗaya ya ƙunshi fallaye wajen miliyan 3. Kuma ba shi kaɗai ke da wannan gini ba. Akwai ɗaruruwan ma'adinai masu fallaye, wasu haƙo su ake yi, wasu a ɗakin gwaji ake haɗa su, kuma a kansu ne masana fiziks suka gano abu biyu a 'yan shekarun nan. Na farko, yadda falle ya zauna a kan ɗan'uwansa yana iya zama shi ke yanke ko ma'adinin zai bar wutar lantarki ta wuce ko zai tare ta. Na biyu, walƙiyar haske ɗaya tana iya sauya wannan zaman.

Idan ana ba da wannan labari, akan yi saurin haɗa shi da alkawarin cewa kwamfuta mai ajiye bayanai da haske tana nan tafe gobe ko jibi. Ni ban ga hujjar wannan gaggawa ba, kuma ina tsoron alkawarin yana rufe abin da ya fi shi girma. Abin da gwaje-gwajen suka tabbatar shi ne haske ya zama mai share hanya. Yana kai ma'adini wani hali da zafi ko sanyi ba su taɓa kai shi ba, ya nuna mana cewa halin yana nan, sannan daga baya a zauna a nemi hanya mai arha ta komawa wurin. A kan wannan ma'auni ya kamata a auna fagen, kuma idan aka auna shi haka, ya riga ya biya.

Kafin a kai ga haske, sai an fahimci mene ne zaman fallaye, kuma mai sayar da lemo a bakin kasuwa ya fi kowa saninsa. Idan zai tara lemo a faranti, yakan shimfiɗa sahun farko a matse, kowane lemo yana taɓa na kusa da shi. Sahu na biyu ba ya ɗora shi kai bisa kai, don zai gangare. A cikin ramukan da ke tsakanin na ƙasa yake zaunar da shi. Da ya zo sahu na uku sai zaɓi ya taso, ko bai lura ba. Ramukan da ke gabansa iri biyu ne: wasu suna daidai saitin lemon sahun farko, wasu kuwa suna saitin wurin da babu lemo a sahun farko kuma babu a na biyu. In ya zaɓi na farko, sahu na uku ya maimaita sahun farko, masana suna kiran wannan jeri ABA. In ya zaɓi na biyu, sahu uku duk mazauninsu daban, shi ne ABC. Lemon bai canza ba, yawansa bai canza ba, zama kawai ya bambanta. Fallayen girafait ba lemo ba ne, amma zaɓin da ke gabansu irin wannan ne. A 1924 masanin nan ɗan ƙasar Ailan, John Desmond Bernal, ya haska girafait da hasken eksire ya gano cewa jerinsa ABA ne, har yau ma da sunansa ake kiran jerin. A 1942 Lipson da Stokes a Ingila suka nuna cewa a cikin girafait akwai kaso kaɗan da ke bin jerin ABC. Shekaru da dama aka ɗauki wannan a matsayin ɗan ƙarin bayani na masu nazarin ma'adinai, don a cikin dunƙulen dutse mai miliyoyin fallaye bambancin ba ya fitowa fili.

Ya fito ne bayan 2004, lokacin da Andre Geim da Konstantin Novoselov a Jami'ar Manchesta suka riƙa manna salatif a kan girafait suna ɓarewa har suka samu falle guda ɗaya, wanda ake kira girafin, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2010. Da aka iya riƙe falle biyu ko uku kaɗai, sai zama ya zama komai. Falle uku a jerin ABA kullum suna barin wuta ta wuce kamar ƙarfe mai rauni. Falle ukun nan a jerin ABC kuwa, idan aka sa musu ƙarfin lantarki daga sama zuwa ƙasa, ana iya rufe hanyar wutar a buɗe ta, wanda shi ne halin da ake nema a duk abin da za a yi makunnin lantarki da shi. A 2021 ƙungiyar Andrea Young a Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ta nuna cewa a matsanancin sanyi, ƙasa da digiri ɗaya daga ƙarshen sanyin da ke yiwuwa a duniya, jerin ABC yana barin wuta ta bi shi babu turjiya ko kaɗan. Kafin nan, a 2018, Pablo Jarillo-Herrero da ɗalibinsa Yuan Cao a cibiyar MIT ta Amurka sun ga irin wannan hali a falle biyu kacal, bayan sun ɗan karkata na sama da digiri 1.1. Duk wanda ya taɓa ninka gidan sauro biyu ya ɗaga shi ga haske ya ga manyan zane-zane suna fitowa suna yawo, alhali babu su a kowane ninki shi kaɗai. Irin wannan zane ne ke fitowa tsakanin fallayen da aka karkata, kuma shi ke sauya tafiyar ilektiron, ƙananan ƙwayoyin da gudunsu shi ne wutar lantarki. Kabon ɗaya, saƙa ɗaya, amma hali uku ko huɗu, gwargwadon yadda aka ɗora.

Daga nan tunanin ya zo da kansa. Kwamfuta ba ta ajiye komai sai sifili da ɗaya, kuma duk abin da ke da hali biyu da za a iya sauyawa a kuma karanta, ya isa ya zama ma'ajiya. An daɗe ana yin haka da haske. Faifan DVD irin wanda ake gogewa a sake naɗa, wanda masu sayar da finafinai suka sani, yana da siririn shafe na wani haɗin ƙarfe a cikinsa. Leza takan narkar da ɗigo a jikinsa da zafin da ya kai wajen digiri 600, ya daskare a hargitse, ya zama alama, in za a goge kuma a ɗumama shi ya koma a jere. Aikin yana yi, sai dai rushewa ne da sake gini, yana cin ƙarfi, kuma kayan yana gajiya. Gusa falle ba ya buƙatar karya ko ɗaya daga cikin riƙon nan masu ƙarfi. Falle yakan zame ne da tazarar da ba ta wuce tsakanin ƙwayar zarra da maƙwabciyarta ba, abin da bai kai kashi ɗaya cikin biyar na nanomita ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita. Matsalar ita ce da me za a tura. Yatsa ba ya kaiwa, allura mafi tsini ma tana da nawa. Haske kuwa yana shiga tsakanin fallayen kai tsaye, kuma tun daga aikin Ahmed Zewail, ɗan ƙasar Masar da ya karɓi kyautar Nobel a 1999, masana sun ƙware wajen amfani da walƙiyar leza mai tsawon femtosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan sau biliyan na sakan, don kallon ƙwayoyin zarra suna motsi. Haske yana cin kilomita 300,000 a sakan ɗaya, amma a cikin femtosakan 35 tafiyarsa ba ta kai kaurin gashin kai ba.

Gwajin da ya fi nuna turin a fili shi ne wanda Edbert Sie da Aaron Lindenberg da abokan aikinsu suka yi a cibiyar SLAC da Jami'ar Stanford a Kalifoniya, aka buga a mujallar Nature a 2019. Ma'adinin da suka ɗauka haɗin tangistin ne da teluriyam, tangistin ɗin nan da ake yin zaren tsohon ƙwan fitila da shi. Suka ɓare siririn ɓawo daga jikinsa, suka buge shi da walƙiyar hasken terahas, haske ne da ido ba ya gani, zangonsa ya fi na jan haske tsawo nesa. Bayan ɗan ƙiftawa sai su harbo tarin ilektiron masu gudu su ratsa ɓawon su faɗa kan allo a baya. Da yake ƙwayoyin zarra a jere suke, ilektiron ɗin ba sa warwatsewa barkatai, ɗigo-ɗigo suke yi a kan allon, kuma hasken kowane ɗigo ya dogara da inda fallayen suke zaune. Suka maimaita sau da yawa, kowane karo suna ƙara jinkiri kaɗan tsakanin walƙiyar da harbin, har hotunan suka haɗu suka zama kamar fim. A cikin fim ɗin wasu ɗigon suna ƙara haske wasu suna dushewa, sannan su juya, a kai a kai. Ma'anarsa fallayen suna zamewa gaba da baya a kan juna, kamar yadda mace ke kaɗa faifai tana bakace, sau biliyan 240 a sakan. Da aka ƙara ƙarfin walƙiyar, kaɗawar ta daina komawa mazauninta na farko, ta koma kewaye wani sabon mazauni. Sun tabbatar da haka ta wata hanya dabam. A zamansa na asali wannan ma'adini ba shi da daidaito ta tsakiyarsa, kuma duk abin da ke haka, in an haska shi, yakan mayar da ɗan haske mai saurin kaɗawa ninki biyu na wanda aka aika. Bayan walƙiyar wannan ɗan haske ya ɓace, alamar fallayen sun koma zama mai daidaito. Yadda abin ke faruwa kuwa, walƙiyar takan kwashe ilektiron daga mazauninsu ta watsa su wani wuri, kuma da yake su ne manne da ke tsakanin fallaye, da sun tashi sai wurin zama mafi daɗi ga falle ya koma gefe, falle ya bi shi.

Shekara biyar kafin wannan, a 2014, an ga wani abin da ya fi ban mamaki a Cibiyar Jožef Stefan da ke Liyubliyana, babban birnin Sulobeniya, a ɗakin gwajin Dragan Mihailović. Nasu ma'adinin haɗin tantalam ne da farar wuta. Idan aka sanyaya shi ƙasa da wajen digiri 90 ƙasa da sifili, ƙwayoyin tantalam a kowane falle sukan taru goma sha uku-uku, goma sha biyu su matso kusa da ta tsakiya, su yi siffar tauraro mai tsini shida, kuma ma'adinin ya daina barin wuta ta wuce. Ljupka Stojchevska da sauran 'yan ƙungiyar suka buge shi da walƙiya ɗaya tak mai femtosakan 35, sai turjiyarsa ta faɗi warwas, ya koma kamar ƙarfe, kuma ya zauna a haka muddin yana cikin tsananin sanyi. Suka kira shi ɓoyayyen hali, don babu shi a jerin halayen da ake samu ta ɗumamawa ko sanyayawa. An yi shekaru ana muhawara a kan abin da ya sauya a ciki. A 2020 masu bincike daga Dresden ta Jamus suka leƙa shi da hasken eksire suka ga cewa kafin walƙiya taurarin nan suna zama bibbiyu, na wannan falle daidai kan na falle mai bi masa, kuma walƙiyar tana wargaza wannan aure na bibbiyu. A nan ba dukan falle ne ya zame ba, zanen taurarin ne ya sake mazauni daga falle zuwa falle. Amma darasin ɗaya ne: abin da ya tare wutar yana da alaƙa da yadda aka ɗora, kuma haske ya kwance ɗorin.

Suka ta farko da mai hankali zai kawo ita ce, ai wannan zafi ne kawai aka ba shi sabon suna. Leza tana ƙona abu, zafi yana motsa ƙwayoyin zarra, to ina sabon abu? Sukar tana da ƙafa, kuma a wasu gwaje-gwajen ita ce gaskiya. A 2020 wasu masu bincike a ƙasar Sin sun haska girafin mai falle uku da leza suka ga yankin ABC yana komawa ABA, ba ya dawowa, kuma su da kansu suka danganta abin ga zafi. Dama jerin ABC ba shi da zama da gindinsa, ɗan ɗumi ko ɗan ja yana iya mayar da shi ABA, haske a nan murhu ne mai tsini. Sai dai ba a yi wa duka fagen hukunci da wannan. Idan haske ya faɗa kan abu, ilektiron ne ke fara karɓar ƙarfinsa, kuma sai an ɗauki lokacin da ya ninka tsawon walƙiyar sau da yawa kafin su miƙa shi ga ƙwayoyin zarra ya zama zafi. A wannan ɗan tsakani manne ya riga ya canza alhali jikin bai yi zafi ba. Ƙungiyar Zewail a cibiyar Caltech ta Amurka ta ga shaidar haka a girafait tun 2008: bayan walƙiya fallayen sun fara matsowa kusa da juna kafin su buɗe, zafi kuwa buɗa su kawai yake yi. Ma'adinin Sulobeniya ya fi ba da amsa mai yanke gardama. Gajeriyar walƙiya ce ke kai shi ɓoyayyen halin, ɗumamawa kuwa, ko da hasken leza mai tsayi aka yi ta, goge halin take yi ta mayar da shi yadda yake. Da zafi ne ke rubutawa, da ba zai zama shi ne kuma ke gogewa ba.

Suka ta biyu ta fi zafi, don a kan amana take. Yaya aka san abin da aka ce an gani shi aka gani, tunda babu idon da ya taɓa kallon falle yana zamewa? Akwai misalin da ya sa dole a yi wannan tambaya. A 2015 wata ƙungiya a Jami'ar Sungkyunkwan ta Koriya ta Kudu ta buga a mujallar Science cewa ta yi amfani da leza ta mayar da wani yanki na haɗin molibdinam da teluriyam daga hali mai tare wuta zuwa hali irin na ƙarfe. Aikin ya ja hankali sosai. Daga baya wasu masu bincike da suka maimaita shi suka kawo hujjar cewa alamar da ake karantawa a matsayin sabon hali tana iya zama ta teluriyam ne da zafin leza ya fitar ya taru a saman ma'adinin, wato lalacewa ce aka ɗauka sauyi. Abin da na ɗauka daga wannan shi ne ma'aunin da mai karatu zai riƙe duk lokacin da ya ga irin wannan labari. A tambaya ko sauyin yana komawa a sake yin sa sau da yawa a wuri ɗaya, don abin da ya ƙone ba ya dawowa. A tambaya ko an auna mazaunin ƙwayoyin zarra kai tsaye da eksire ko da ilektiron, ko kuwa daga alama ɗaya aka yi hasashe. Gwajin cibiyar SLAC ya zo da shaidu biyu da ba su dogara da juna ba, na Sulobeniya kuma ana rubutawa ana gogewa, sannan wasu ɗakunan gwaji a wasu ƙasashe sun same shi. Irin waɗannan su ne ginshiƙin fagen, kuma sun tsaya.

Suka ta uku ita ce wadda na yarda da mafi yawanta. Sabon zaman da aka samu a tangistin da teluriyam ba ya daɗewa, fallayen sukan koma gida da kansu cikin ƙasa da ƙiftawar ido. Ɓoyayyen halin tantalam yana daɗewa, amma sai a sanyin da babu firjin gida da ya kusance shi, da an ɗan ɗumama ya ɓace. Lezar da ke ba da irin wannan walƙiya tebur guda take ci a ɗakin da aka hana ƙura da girgiza. Sannan akwai iyakar da ta fito daga halittar haske kansa: ba a iya matse hasken da ido ke gani ya zama ɗigon da ya gaza 'yan ɗaruruwan nanomita, alhali ƙananan makunnan da ke cikin wayar hannu ta yau 'yan gomomin nanomita ne. Ke nan ɗigo ɗaya na haske zai rufe wurin da makunnai da yawa za su zauna. Duk wanda ya ce haske zai maye gurbin waya a cikin memori nan kusa, bai yi wa waɗannan lambobi adalci ba.

To amma a duba abin da ya biyo bayan 2014. Da ƙungiyar Mihailović ta san ɓoyayyen halin yana nan, sai ta gwada zuwa wurinsa da gajeren bugun wutar lantarki ta siraran wayoyi, kuma ya yiwu. Daga nan suka fara ƙera ƙananan ma'ajiyai na gwaji da ke aiki babu leza. Sanyin da ake gani a matsayin aibi kuwa yana da inda ake nemansa, don kwamfutocin kwantam da kamfanoni irin su IBM da Google ke ginawa a cikin irin wannan sanyi suke aiki, kuma suna buƙatar ma'ajiyar da ba za ta zuba musu zafi ba. A tangistin da teluriyam ma haka aka yi: a 2020 ƙungiyar Lindenberg da abokan aikinta na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley suka nuna cewa ƙarfin lantarki yana iya gusa fallayen ya bar su a sabon mazauni, a kuma karanta inda suke. Wannan shi ne abin da nake nufi da share hanya. Babu wanda zai je neman ɗakin da bai san da shi ba. Haske, saboda saurinsa, yana jefa ma'adini ta ƙofar da ke buɗewa na ɗan lokacin da zafi bai isa ya bi ba, kuma da an ga ɗakin sau ɗaya, neman wata ƙofa ya zama aikin injiniya.

Ko gusa falle zai iya zama ma'ajiya a zafin ɗaki, an riga an amsa wannan daga wani ɓangare. A 2017 Menghao Wu a ƙasar Sin ya yi lissafin cewa wasu fallaye biyu za su riƙe cajin lantarki mai fuskantar sama ko ƙasa gwargwadon zamansu. A 2021 ƙungiyoyi biyu, ta Jarillo-Herrero a MIT da ta Moshe Ben Shalom a Jami'ar Tel Abib, kowace ta tabbatar da haka a haɗin boron da naitirojin, wani farin ma'adini mai saƙa irin ta girafait. Idan ƙwayar boron ta falle na sama tana kan naitirojin ta ƙasa, cajin yana fuskantar gefe ɗaya. A gusa falle da taki ɗaya, naitirojin ta hau kan boron, cajin ya juya. Sifili da ɗaya ke nan, kuma babu buƙatar sanyi. A 2024 ƙungiyar MIT ta ba da rahoton cewa ta juya irin wannan makunni fiye da sau biliyan 100 bai nuna gajiya ba, alhali memorin filasha da ke cikin wayoyinmu kowane gurbinsa dubbai kawai yake jurewa na gogewa da rubutawa kafin ya fara lalacewa. Wutar lantarki ce ta yi turin a nan, haske bai shiga ba, kuma na'ura ɗaya ce a ɗakin gwaji, tsakaninta da masana'antar da za ta buga biliyoyi akwai tafiya mai nisa. Amma dalilin juriyar shi ne wanda aka faɗa tun farko: babu abin da ake karyawa, zamewa kawai ake yi.

Wani zai ce ina ruwan mai karatu a Kano ko Damagaram da fallayen da ba ya gani. Ruwansa biyu ne. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2024 manyan cibiyoyin ajiye bayanai sun sha wajen kashi 1.5 cikin ɗari na duk wutar lantarkin duniya, kuma shan yana ƙaruwa. Duk wata hanya da za ta rage ƙarfin da ake kashewa wajen rubuta sifili da ɗaya, ƙarshenta tana isowa ga batirin wayar wanda ke biyan kuɗin caji a shago. Na biyu kuma, tantalam ɗin da ake wannan bincike da shi daga dutsen tantalait ake tace shi, kuma ana haƙo tantalait a Najeriya, a jihohi irin su Nasarawa, a loda shi ɗanye a fitar. Bambancin farashin buhun dutse da na na'urar da aka yi da shi, ilimin irin wannan ne.

Ba kowane ɓangare na wannan ilimi ke buƙatar cibiya irin SLAC ba. Har yau a manyan ɗakunan gwaji na duniya da salatif ake ɓare fallaye, a manna su kan ɗan allon silikon, a neme su da madubin ƙara girma na yau da kullum. Bambance ABA da ABC kuwa ana yin sa da na'urar Raman, wadda ke haska abu da leza ta karanta ɗan sauyin launin da ya dawo, bisa abin da C. V. Raman ya gano a Kalkata ta Indiya a 1928 da kayan aiki masu sauƙi. Lissafin da ya hango makunnin boron da naitirojin a kwamfuta aka yi shi, shekara huɗu kafin kowa ya riƙe abin a hannu. Kirana ga sassan fiziks da kimiyyar sinadarai na jami'o'inmu, da hukumomin da ke ba su kuɗin bincike: a sayi na'urar Raman ko da ɗaya ce a raba tsakanin jami'o'in yanki, a tanadar mata wutar da ba ta ɗaukewa, a koya wa ɗalibai lissafin fallaye a kwamfuta, a kuma tura masu hazaƙa cikinsu ɗakunan gwajin da ke wannan aiki, da sharaɗin akwai teburin da zai jira su in sun dawo.